Kafin a kai ɗalibanmu ƙasar waje koyon diflomasiyyar sauyin yanayi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi tsokaci a kan maganar da ake yawan yi a manyan makarantu, ta ɗaukar ɗalibai a kai su ƙasar waje su ga yadda ake tattauna sauyin yanayi da yadda ake tsara agajin jinƙai. Ba mu da ja a kan amfanin hakan, tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai tafiya ce mai cin kuɗi, kuma idan ba a shirya ta ba, ɗalibi ba zai dawo da komai ba sai hoto a gaban tutocin ƙasashe da jaka cike da takardun talla. Ra'ayinmu shi ne kada ɗalibin Kebbi ko Zamfara ya hau jirgi sai yana riƙe da tambaya daga gida da alƙaluman da ya tattara da hannunsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tambayar ɗan Kebbi tana cikin ruwa. Kogin Kwara yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya shigo Nijeriya ta jiharmu. Cika biyu yake yi a shekara. Ta farko tana zuwa tsakanin Agusta da Satumba daga ruwan saman da ya sauka a kusa, ita ce mai saurin tasowa da ɓarna. Ta biyu ruwan Gini ce da ta daɗe tana yawo a fadamun Mali, ba ta iso mana sai tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma ita ce mai raya noman rani. A Satumban 2020 ma'aunin ruwa na Yamai ya kai kimanin mita 7, kuma a wannan daminar ce shinkafar Kebbi ta nutse. Amma ruwan da ke cin fadamun Argungu da Birnin Kebbi ba na Kwara ba ne, na gulbin Rima da na Sakkwato ne, waɗanda madatsar Goronyo da ta Bakolori ke riƙe da su. Ɗalibin da bai iya bambance ruwan da ya ci gonar Bagudo da wanda ya ci ta Augie ba, me zai je ya faɗa wa Bature a Jamus?

Saboda haka aikin farko a gida yake, kuma zai ci mako shida zuwa takwas. A raba ɗalibai bibbiyu, kowane biyu su ɗauki ƙauye ɗaya da gida ashirin. Su rubuta girman gona, irin da aka shuka, ranar da ruwa ya shiga, kwana nawa ya yi a kan shuka, buhu nawa aka saba samu da nawa aka samu, da bashin da ke wuyan manomi. Su ɗauki lambobin taswirar gonar da waya. Maganar kwanakin tana da muhimmanci: shinkafar da aka saba da ita takan mutu idan ruwa ya shanye kanta kamar mako guda, amma irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 suna iya jurewa har kusan mako biyu. Daga nan sai su kwatanta abin da manoma suka faɗa da hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da hasashen ambaliya na hukumar lura da ruwa ta ƙasa, NIHSA, waɗanda ake fitarwa kafin ruwa ya sauka, su tambayi kowane manomi ko gargaɗin ya iso shi, da wane harshe, kuma kwana nawa kafin ruwan. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne karɓar amsar "komai ya tafi" a rubuta ta haka. Manomin da ya ga baƙo da takarda yakan zaci rajistar tallafi ce, sai ya ƙara gishiri. A gaya masa tun farko cewa ba rabo aka zo yi ba, kuma a auna gonar.

Sai maganar inda za a je. Kowa idonsa na kan babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yi duk shekara, wanda ake kira COP, amma ga ɗan Kebbi, Yamai ta fi kusa kuma ta fi cika da darasi. A can hedikwatar Hukumar Kogin Neja take, mai ƙasashe tara, wadda shugabanninta suka sa hannu a kan yarjejeniyar ruwa a 2008. A can cibiyar AGRHYMET take, da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, inda ake haɗa hasashen damina da lissafin abinci na yankin. A can kuma hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar take, wadda a ƙarƙashinta aka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwan gulaben da ƙasashen biyu suka yi tarayya, ciki har da Gulbin Maraɗi da ke fita daga Katsina ya shiga Nijar ya dawo ya faɗa Rima. Ɗalibi zai tambaya: idan ruwa ya tashi a Yamai, ta wace hanya labari ke isa ma'aunin ruwa na Jidere Bode da ofishin agajin gaggawa na Birnin Kebbi, kuma awa nawa yake ɗauka? Idan aka gama madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a sama da Yamai, ruwa nawa aka yi alkawarin saki da rani domin fadamunmu da injinan Kainji? Wannan ita ce diflomasiyyar yanayi da ke taɓa tukunyarmu kai tsaye.

Dole mu faɗi wahalar hanyar. Daga Kamba a tsallaka Gaya, a bi Doso zuwa Yamai, kusan kilomita 300 ne daga iyaka. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 da fitar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙa'idojin iyaka na canjawa, tsaron hanya ma haka. Kada makaranta ta ɗauki 'ya'yan mutane ta bi mota sai da rubutacciyar shawarar ofishin jakadancinmu da ke Yamai. Idan bai gamsu ba, a bi ta jirgi ko a nemi jami'an su yi bayani ta intanet. Yankin Tilaberi, inda madatsar take, ba wurin kai ɗalibai ba ne a yanzu. A tafi da fasfo da katin rigakafin shawara, a kuma nemi mai jin Faransanci, domin Hausa za ta kai ka kasuwa da masauki, amma takardun ofis da Faransanci suke.

Idan kuɗi ya kai a je Turai, shawararmu ita ce Bon ta Jamus a watan Yuni maimakon COP. A Bon sakatariyar yarjejeniyar sauyin yanayi ta 1992 take, kuma kowace shekara a Yuni masu shawarwari na ƙasashe kan zauna kamar kwana goma suna tsara daftarin da za a kai babban taro. Jama'a kaɗan ne, masauki bai yin tashin gwauron zabo kamar na garin da ke karɓar COP, kuma jami'i na da lokacin tsayawa ya amsa wa ɗalibi. A COP mutane dubbai ne. Ko a Dubai a 2023 sunayen 'yan Nijeriya 1,411 aka gani a rajista, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi, aka yi ta cece-ku-ce. Ƙara ɗalibai goma sha biyar a kan irin wannan cunkoso ba ya koya musu komai.

Ga inda yawancin shiri ke rushewa: katin shiga. Ba a shiga zauren da tikiti, kuma ba a sayar da katin. Ko dai gwamnati ta sa sunanka cikin tawagarta ta hannun jami'in da ke wakiltar ƙasa a yarjejeniyar, ko wata ƙungiya ko jami'a da sakatariya ta riga ta amince da ita a matsayin mai sa ido ta ba ka gurbi. Samun wannan amincewa kan ɗauki fiye da shekara, domin a 'yan shekarun nan ana rufe karɓar takardu a ƙarshen Agustan shekarar da ta gabaci taron, kuma ana neman shaidar rajista da ta cewa ba don riba aka kafa ku ba. Bayan an amince ma, gurabe kaɗan ake bayarwa, wani lokaci biyu ko uku. Dabarar ita ce a raba gurbi ɗaya tsakanin mako na farko da na biyu. Jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero da Zuru da Gusau da Talatar Mafara su fara neman wannan matsayi tun yanzu, ko su ƙulla da wata jami'ar da ke da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya aiko da takardar gayyata ta imel yana neman kuɗin rajista, ɗan damfara ne, rajistar kyauta ce. Haka kuma asusun da ke biya wa ƙasashe masu tasowa kuɗin halarta wakilan gwamnati biyu zuwa uku yake ɗauka, ba ɗalibai ba.

Wanda ya samu shiga ya san cewa mai sa ido ba ya magana a teburin shawara, kuma zaman da ake yanke ainihin magana sau da yawa a rufe yake. Abin da zai koya shi ne karatun daftari. Duk kalmar da ke cikin alamar baka-biyu [ ], ba a amince da ita ba tukuna. A ba kowane ɗalibi batu ɗaya tak, ya sauke daftarinsa kowace safiya, ya kwatanta da na jiya, ya rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo da ƙasar da ta nema. Ba a jefa ƙuri'a a waɗannan taruka, sai kowa ya yarda, shi ya sa kalma ɗaya ke iya tsayar da duniya. A Faris a 2015 an jinkirta zaman ƙarshe saboda kalmar da ke nufin "wajibi ne" ta shiga wurin mai nufin "ya kamata" a sashen da ya shafi ƙasashe masu arziki, Amurka ta ce sai an gyara. A Gilasgo a 2021, a mintunan ƙarshe Indiya ta sa aka mayar da "daina amfani da kwal" ya koma "rage amfani da kwal". Nijeriya ba ita kaɗai take magana ba, tana cikin rukunin masu shawarwari na Afirka da kuma babban rukunin G77 da Sin. Nijar tana da ƙarin rukuni, na ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, wanda Nijeriya ba ta ciki, kuma wannan na shafar irin asusun da kowacce ke iya nema.

Batun da ya fi dacewa da ɗalibanmu shi ne kuɗi. A Kofenhegen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022 aka amince da asusun asara da ɓarna, aka buɗe shi a Dubai da alkawuran da ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba. A Baku a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, ƙasashe masu tasowa suka fito suna ƙorafin ya yi kaɗan, alhali Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Aikin ɗalibi shi ne ya bi sawun dala ɗaya daga alkawari zuwa fadama. Zai tarar cewa jiha ba ta rubuta wa Asusun Yanayi na duniya (GCF), mai hedikwata a Koriya ta Kudu, takarda kai tsaye. Sai ta bi ta wata cibiya da asusun ya tantance, da takardar amincewar hukumar tarayya, da bayanin da ke nuna cewa matsalar daga sauyin yanayi take, wanda ke buƙatar alƙaluman ruwan sama na shekaru kamar talatin. A nan ne buƙatu ke mutuwa, domin ma'aunan ruwan sama na ƙananan hukumomi da yawa sun lalace ko babu mai karanta su. Zai kuma gane cewa shirin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi na ACReSAL, mai dala miliyan 700, da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja rance ne mai sauƙi daga Bankin Duniya, za a biya.

Daga Bon jirgin ƙasa na kai mutum Janiba ta Suwizalan a yini ɗaya, kuma a can ɓangaren jinƙai yake: ƙungiyar Red Cross ta duniya da aka kafa a 1863, hukumar 'yan gudun hijira, hukumar ƙaura, hukumar lafiya, hukumar yanayi ta duniya, da ofishin daidaita agaji na OCHA. Ana neman ganawa da su a rubuce wata uku kafin zuwa, da jerin sunaye da lambobin fasfo. Kwana uku sun isa. Kafin a shiga, ɗalibi ya haddace ma'aunan aikin: lita 15 na ruwa ga mutum a rana, bayan gida ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100. Yaron da kaurin damtsensa bai kai milimita 115 ba yana cikin tamowa mai tsanani, kuma katan ɗaya na abincin gyaɗa na magani, mai ƙunshi 150, shi ne kusan abin da ke warkar da yaro ɗaya cikin mako shida zuwa takwas. Ya san matakai biyar na lissafin yunwa na Cadre Harmonisé, da cewa daga mataki na uku ake kiran agaji, kuma tsananin yakan faɗo tsakanin Yuni da Agusta lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba.

A nan ɗan Zamfara ke da tambayar da ta fi ta kowa nauyi. Shirin agajin jinƙai da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa duk shekara domin Nijeriya a kan Borno, Adamawa da Yobe ya tsaya. Arewa maso Yamma ba ta cikinsa, duk da cewa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke aiki a Shinkafi da Zurmi da Maiyama sun daɗe suna shelar yawan yara masu tamowa, kuma dubban mutanenmu na gudun hijira a jihar Maraɗi. Wa ke yanke shawarar yankin da zai shiga shirin? Mene ne matsayin gwamnatin tarayya da na jiha a ciki? Tun da Amurka ta zabge tallafinta a 2025, wane aiki aka fara rufewa kuma da wane ma'auni? Ya kuma sani cewa yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta san wanda ambaliya ko fari ya kora ba, amma yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta ambaci waɗanda bala'o'i da sauyin yanayi suka raba da gidajensu a cikin ƙasa. Gargaɗi ɗaya a nan: kada ɗalibi ya ɗora komai a kan yanayi don ya burge masu sauraro. Rikicin Zamfara yana da hannun cinye burtali da wuraren kiwo, da zinare, da makamai, da rashin adalci a shari'a. Ƙarancin ruwa da ciyawa ƙarin itace ne a wutar. Masana na gane mai zuzutawa da wuri, kuma daga nan sun daina sauraronsa. Hotunan yara marasa lafiya kuwa, kada a ɗauka ba da izinin iyaye ba, kada kuma a nuna fuska.

Biza ɗaya ta Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ta isa Jamus da Suwizalan, kuma ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma hukunci kan ɗauki kwana 15, ya iya kaiwa 45, ban da jiran ranar ganawa wadda ita ce ta fi cin lokaci. Fasfo ya zama yana da sauran wata uku bayan ranar dawowa da shafi biyu babu komai, inshorar lafiya kuma ta kai ta yuro 30,000. Kuɗin biza yuro 90 ne, amma ƙa'ida ta yafe shi ga ɗalibai da malaman da ke rakiyarsu a tafiyar karatu, sai dai kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu. Abin da ya fi jawo ƙi shi ne shakkar ko mutum zai dawo, da kuɗin da aka zuba a asusun ɗalibi dare ɗaya don a nuna yana da hali. Maganinsa takarda guda daga magatakardar jami'a mai ɗauke da sunan kowa, ajinsa, ranar da zai koma karatu, da shaidar cewa makaranta ce ke biyan komai daga asusunta. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Tawaga kada ta wuce ɗalibai goma sha biyu da malamai biyu, ɗaya mace, tare da rubutaccen izinin iyaye. A zaɓe su da rahoton da suka rubuta daga ƙauye, a cire suna a sa lamba kafin a duba, domin da zarar an ji kalmar Turai sai 'ya'yan manya su fito daga inda ba a zata ba. A haɗa fannoni: ilimin ƙasa, aikin gona, lafiya, shari'a, aikin jarida. A yi kasafi da yuro da faran na Suwizalan, a ƙara kashi 15 cikin 100 saboda faɗuwar naira tsakanin ranar amincewa da ranar biya. A kama masaukin ɗalibai mai ɗakin girki, a tafi da garin tuwo da kuka da yaji a rufe, amma ban da kilishi, domin an hana shiga Turai da nama. A Janiba masauki kan ba baƙo katin hawa motar gari kyauta, a tambaya. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Bon sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, sai a tsara lokutan salla da barci tun daga gida.

A riƙe kashi na ƙarshe na alawus sai an miƙa aiki cikin mako huɗu da dawowa: takarda mai shafi biyu ga hukumar agajin gaggawa ta jiha da ma'aikatar muhalli, shiri na minti talatin da Hausa a gidan rediyon jiha, da komawa ƙauyen da aka tattara bayanai a karanta wa masu gidajen nan ashirin abin da aka samo, a gaban mai gari. Alƙaluman kuma a ajiye su a sashe, tawagar baɗi ta koma gidajen nan dai ta sake aunawa.

Mun gode da fili.

Naku,
Wasu malaman ilimin ƙasa da aikin gona,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.